GIƁI KAFIN LOKACIN FAMFARA: YADDA AKE KIYAYE GURBIN HAƘORI A BAKIN YARO

Gabatarwa

Hausa tana da kalmomi dabam-dabam na bayyana ratar da ake gani tsakanin haƙora. Idan ratar tana tsakanin haƙoran gaba guda biyu, kuma da ita aka halicci mutum, sai a ce wushirya, ana ma ɗaukarta a matsayin ado. Idan haƙori ne ya fita ya bar wurinsa, sai a ce giɓi. Idan giɓin ya yi yawa, sai a ce wawulo. Ita kuwa famfara ita ce faɗuwar haƙoran nono a bakin yaro domin na girma su maye gurbinsu.

Da yake kowa ya yi famfara, kuma kowa ya ga yadda giɓinta yake cikewa ba da wani magani ba, sai jama'a suka ɗauka cewa duk giɓin da aka gani a bakin yaro famfara ce. Shi ya sa idan haƙorin yaro ɗan shekara 5 ya ruɓe aka cire, abin da aka fi ji daga bakin iyaye shi ne, "Ai ba komai, wani zai fito." Lalle wani zai fito, amma akwai tambayoyi biyu da wannan magana ba ta amsa ba: yaushe zai fito, kuma idan ya zo fitowa zai tarar da wurinsa?

A cikin wannan maƙala za a yi bayanin aikin haƙoran nono, da dalilan da ke fitar da su kafin lokacinsu, da abin da ke samun giɓin da suka bari. Sa'an nan za a duba hanyoyin da likitocin haƙori suke bi su tsare wannan gurbi har mai shi ya iso.

Haƙoran Nono da Jerin Fitowarsu

Yaro yana da haƙoran nono guda 20, goma a sama goma a ƙasa. A kowane ɓari na muƙamuƙi akwai haƙoran gaba biyu, da fiƙa ɗaya, da turame biyu. Na farkonsu yakan ɓullo a wajen wata 6 da haihuwa, kafin yaro ya cika shekara 3 kuma galibi duk sun kammala. Haƙoran girma kuwa 32 ne, kuma tun yaro yana goye ake fara gina su a cikin ƙashin muƙamuƙi, mafi yawansu ƙarƙashin saiwoyin na nono.

Idan haƙorin girma ya tasam ma fitowa, sai ya riƙa cinye saiwar na nonon da ke samansa sannu a hankali, har ya yi girgiɗi ya faɗi. Wannan ne dalilin da ya sa haƙorin famfara yake faɗuwa ba saiwa, ba kuma wani jini mai yawa. Watau saiwar haƙorin nono ita ce turbar da magajinsa yake bi ya fito daidai inda ya dace.

Famfara ba a rana ɗaya take ƙarewa ba. Haƙoran gaba ne suke fara faɗuwa, tsakanin shekara 6 zuwa 8. Fiƙoƙi da turamen nono kuwa suna nan daram har sai tsakanin shekara 9 zuwa 12. Haƙoran da ke gadon turamen nono su ne waɗanda za a kira ƙananan turame a wannan maƙala, kuma ba su cika fitowa ba sai yaro ya kai shekara 10 zuwa 12.

Akwai wani haƙori guda da ya kamata a lura da shi ƙwarai, domin shi ne kan gaba a cikin wannan al'amari. A wajen shekara 6, babban turmin girma na farko yakan fito can ƙurya, bayan turmin nono na biyu. Ba ya ture kowane haƙori kafin ya fito, saboda haka iyaye da yawa ba su sanin ya fito, wasu kuma su ɗauka na nono ne. Ana kiransa turmin shekara shida. Ɗabi'arsa ita ce matsowa gaba, wajen bakin ƙofa, kuma babu abin da ke tare shi sai turmin nono na biyu da yake jingine da shi.

Ashe ke nan, ban da tauna da taimakon magana, haƙorin nono yana da aiki na uku, watau riƙon ƙwarya. Yana zaune ne a kujerar wani, yana tsaronta har ranar da mai ita zai zo.

Abin da ke Fitar da Haƙori Kafin Lokacinsa

Babban dalili shi ne ruɓewa. A da an ɗauka wata tsutsa ce take cin haƙori, kuma ba a ƙasar Hausa kaɗai aka yi wannan zato ba. A shekarar 1890 wani likita Ba'amurke mai suna Willoughby Miller, wanda ya yi aiki a Jamus, ya bayyana cewa ƙwayoyin cuta da ke zaune a baki su ne suke juya sukari da sauran abinci mai gari su zama tsami, tsamin kuma ya narkar da ƙwarin haƙori. Ɓawon haƙorin nono bai kai na girma kauri ba, ga shi kuma ɓargonsa yana kusa, saboda haka ƙaramin rami ba ya daɗewa sai ya kai ga jijiya. Daga nan sai ciwo, sai kumburi, sai cirewa. A rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022, an ƙiyasta cewa yara miliyan 514 a duniya suna fama da ruɓewar haƙoran nono.

Yawan sukarin da yaro ya sha yana da illa, amma yawan lokutan da yake sha ya fi illa. Yaron da ya wuni yana tsotsar alewa da minti, yana kurɓar lemon kwalba, bakinsa bai samu sararin hutawa daga tsami ba. Haka kuma jaririn da ake kwantarwa da bulumboti mai shayi ko madara mai sukari a baki, domin yawu yana raguwa a lokacin barci, shi ne kuwa mai wanke baki.

Dalili na biyu shi ne rauni. Yaro mai koyon tafiya da gudu yakan faɗi ta baki, kuma haƙoran gaba na sama su suka fi fita ta wannan hanya. A nan akwai gargaɗi guda: idan haƙorin nono ya fita ɗungum saboda faɗuwa, ba a mayar da shi cikin raminsa, domin yin haka yana iya lalata haƙorin girma da ke kwance a ƙarƙashi. Haƙorin girma ne ake gaggawar mayarwa.

Dalili na uku shi ne ƙarancin wuri a muƙamuƙi. Wani lokaci haƙorin gaba na girma yakan rasa filin fitowa, sai ya cinye saiwar fiƙar nono da ke maƙwabtaka da shi, ta faɗi tun yaro yana shekara 7 ko 8. Iyaye sukan ɗauka famfara ce, alhali kuwa alama ce ta cunkoson da ke tafe.

Abin da ke Samun Giɓi

Haƙora a baki kamar ɗalibai suke a kan benci guda da ya cika. Muddin kowa yana zaune, kowa yana tare na kusa da shi. Da zarar ɗaya ya tashi, sai na dama da na hagu su saki jiki su cike wurin, in ya dawo sai ya rasa inda zai zauna.

Alal misali, a ɗauki yaro ɗan shekara 6 da aka cire wa turmin nono na biyu na ƙasa. Faɗin wannan haƙori ya kusa milimita 10. Ƙaramin turmin da zai gaje shi faɗinsa kamar milimita 7 ne, amma ba zai fito ba sai wajen shekara 11. Shekara 5 ke nan giɓin zai yi babu mai tsaro. Turmin shekara shida, wanda ya rasa abin jingina, sai ya fara karkatowa gaba cikin giɓin. A muƙamuƙin sama kuwa ya fi sauri, domin can yakan matso gaba ɗayansa yana kuma juyawa. Abin lura shi ne mafi yawan wannan matsowa a cikin wata 6 na farko bayan cire haƙorin take faruwa.

Idan turmin nono na farko ne ya fita, asarar wuri ba ta cika kaiwa ta na biyu ba, musamman idan turmin shekara shida ya riga ya fito ya zauna sosai. A nan fiƙa da haƙoran gaba ne suka fi zamewa baya cikin giɓin. Idan kuwa fiƙa ce ta fita a ɓari ɗaya, sai haƙoran gaba su karkata zuwa wannan ɓari, har tsakiyar jerin haƙora ta kauce daga tsakiyar fuska. Bugu da ƙari, haƙorin da ke fuskantar giɓin daga ɗaya muƙamuƙin yana iya ƙara tsawo, tun da babu abin da yake karo da shi.

Sa'ad da haƙorin girma ya iso ya tarar an cinye masa wuri, ɗayan abu uku ne yake faruwa. Ko ya ɓullo ta gefe, ta wajen harshe ko ta wajen kumatu. Ko ya kutso a karkace ya hau kan ɗan'uwansa. Ko kuma ya maƙale cikin ƙashi ya kasa fitowa, sai an yi aiki. Haƙoran da suka cunkushe suna da wuyar wankewa, saboda haka ruɓewa da ciwon dasashi sukan same su da sauƙi.

Akwai wani ɗan rangwame da aka yi wa ɗan Adam a halitta. Idan aka haɗa faɗin fiƙar nono da turamen nono biyu, ya ɗara faɗin haƙoran girma uku da za su gaje su. Wani likita Ba'amurke, Hays Nance, ya auna wannan rara a 1947, ya samu kimanin milimita 1.7 a kowane ɓari na ƙasa, da milimita 0.9 a kowane ɓari na sama. Wannan rara tana taimakawa wajen daidaita haƙora, amma ƙanƙanuwa ce, kuma giɓin da aka bari ba kulawa yana iya cinye ta har ya wuce.

Haka kuma fitar haƙorin nono da wuri ba ta nufin magajinsa zai yi saurin fitowa. Idan saura kaɗan lokacinsa ya yi, yana iya gaggautowa. Amma idan tun da sauran shekaru ne, ƙashi da nama mai tauri sukan rufe ramin, sai fitowar ta ƙara jinkiri.

Abubuwan da Likita ke Dubawa

Ba kowane giɓi ne yake bukatar na'ura ba. Kafin likitan haƙori ya yanke shawara, yakan duba abubuwa kamar haka.

Na farko, wane haƙori ne ya fita. Turmin nono na biyu shi ya fi kowane haɗari, sai fiƙa da turmi na farko, sa'an nan haƙoran gaba.

Na biyu, yaushe ya fita. Tun da yawancin asarar a watannin farko take aukuwa, an fi son a shirya abin tsaron gurbin tun kafin a cire haƙorin, ko kuma jim kaɗan bayan ramin ya warke.

Na uku, ina magajin yake. A nan ba a dogara da shekarun haihuwa kaɗai, domin yara sun bambanta. Ana ɗaukar hoton ƙashi a ga tsawon saiwar haƙorin girma da kaurin ƙashin da ke samansa. Haƙori yakan ɓullo idan saiwarsa ta kai kashi biyu cikin uku zuwa uku cikin huɗu na tsawonta. Likitoci sukan ƙiyasta cewa ƙaramin turmi yana bukatar wata 4 zuwa 5 kafin ya ratsa milimita ɗaya na ƙashi. Idan hoto ya nuna bai fi wata 6 ya rage ya fito ba, yawanci ba a wahalar da yaro. Hoton kuma yakan nuna ko magajin yana nan ma, domin akwai mutanen da aka halitta babu wani ƙaramin turmi, musamman na biyu na ƙasa.

Na huɗu, yawan filin da ke bakin. Yaron da haƙoransa suke da rata tsakaninsu yana iya rasa haƙori bai yi asara ba. Wanda kuwa cunkosonsa ya yi tsanani, har ana ganin dole a cire masa wasu haƙoran girma nan gaba, tsare gurbi ɗaya ba zai amfane shi da yawa ba. Masu matsakaicin hali su suka fi cin moriyar abin. Domin gane haka akwai lissafin da Tanaka da Johnston suka fitar a 1974. Ana auna faɗin haƙoran gaba na girma guda huɗu na ƙasa, a raba biyu, a ƙara milimita 10.5 domin ƙasa, ko milimita 11 domin sama. Abin da aka samu shi ne filin da fiƙa da ƙananan turame biyu za su bukata a ɓari guda. Misali, idan faɗin haƙoran huɗu milimita 23 ne, rabinsa 11.5, filin da ake bukata a ƙasa milimita 22 ke nan. In aka auna bakin aka samu 19, an san akwai gibin lissafi na milimita 3. Sai dai an gina wannan lissafi ne a kan yaran Amurka masu asalin Turai, saboda haka ƙiyasi ne, ba ya zama daidai ga kowace al'umma.

Na biyar, halin yaron da na iyayensa. Na'ura a baki tana tara saura-sauran abinci. Idan yaro ba ya wanke baki, ko sauran haƙoransa suna cikin ruɓewa, ko iyaye ba za su iya dawo da shi a duba ba, to na'urar tana iya jawo ɓarnar da ta fi wadda ake gudu. Bahaushe ya ce da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Ire-iren Mariƙin Gurbi

Na'urar da ake sawa domin tsare wurin haƙori ita ce za a kira mariƙin gurbi. Ba ta tura haƙori ko'ina, aikinta kawai ta hana maƙwabta matsowa. Akwai wadda ake mannewa, akwai ta cirewa.

Mai zobe da waya. Wannan shi aka fi amfani da shi idan haƙori ɗaya ne ya fita. Ana zura siririn zobe na ƙarfen da ba ya tsatsa a jikin haƙorin da ke bayan giɓin, a manne shi. Daga jikin zoben wata lanƙwasasshiyar waya take miƙewa ta tsallake giɓin ta tokare haƙorin da ke gaba. Ana barin tsakiyarta a buɗe domin haƙorin girma ya samu hanyar leƙowa. Idan haƙorin da za a sa wa zoben shi ma ya ruɓe, sai a kifa masa hular ƙarfe a haɗa wayar da ita.

Mai jagora. Ana bukatarsa idan turmin nono na biyu ya fita tun turmin shekara shida bai ɓullo ba, watau yaro yana shekara 4 ko 5. Tun da babu haƙori a baya da za a tare, sai a manna na'urar a jikin turmi na farko, a saukar da wani ɗan ƙarfe mai faɗi cikin dasashi, inda saiwar haƙorin da ya fita take. Turmin shekara shida sai ya bi jikin wannan ƙarfe ya fito a wurinsa. Aiki ne mai bukatar ƙwarewa da hoton ƙashi, kuma ba a yi wa yaro mai wasu cututtukan zuciya ko raunin garkuwar jiki, saboda ƙarfen yana barin ƙofa a buɗe ga ƙwayoyin cuta.

Bakan ƙasa. Idan haƙora sun fita a ɓari biyu na muƙamuƙin ƙasa, sai a sa zobe a turmin shekara shida na dama da na hagu, a haɗa su da waya guda mai siffar baka wadda ta bi ta bayan haƙoran gaba. Ba a sa shi sai haƙoran gaba na girma sun fito, domin ta wajen harshe suke ɓullowa, wayar tana iya tare musu hanya.

Na sama mai maɓalli. Wannan yana ɗauke da sunan Nance da aka ambata a baya. Kamar bakan ƙasa yake, sai dai wayar tana ƙarewa ne da wani ɗan faifan roba mai tauri da ke jingine da ganɗa. Akwai kuma wani iri da wayar take ratsa ganɗa kai tsaye daga turmi zuwa turmi.

Na cirewa. Faranti ne na roba mai tauri da ake sa wa haƙoran roba a wuraren da babu. Yana da amfani idan haƙora da yawa suka fita, domin yana taimakon tauna, kuma yana da sauƙin wankewa. Aibinsa shi ne ya dogara ga yaro. In ya ajiye shi a aljihu ko ya yar a makaranta, cikin 'yan makonni sai ya ƙi shiga.

Game da fiƙa kuwa, idan ta fita a ɓari ɗaya kuma haƙora a cunkushe suke, wani lokaci likita yakan ba da shawarar a cire 'yar'uwarta ta ɗaya ɓarin, domin kada tsakiyar haƙora ta karkace. Iyaye sukan yi mamakin cire lafiyayyen haƙori, amma dalilin ke nan.

Giɓin Gaba da Furuci

Giɓin haƙoran gaba shi ya fi tayar wa iyaye hankali saboda shi ake gani, amma shi ya fi ƙarancin haɗari ta fuskar wuri. Muddin fiƙoƙin nono sun riga sun fito, filin gaba ba ya cika raguwa. Abin da ake dubawa a nan shi ne kyan gani, da gatsa abinci, da kuma magana.

Ɗaliban tsarin sauti sun san cewa baƙaƙe irin su t, d, ɗ, n, l, s, z da ts duk a hanƙa ake furta su, watau tudun da ke bayan haƙoran sama. Daga cikinsu s da z da ts su suka fi bukatar haƙoran gaba, domin iskar da harshe ya matse tana karo da su ne kafin sautin ya yi kaifi. Idan babu su, harshe yakan leƙo ta giɓin, sai a ji abin da ake kira tsamin baki. Baƙin f kuwa, wanda a Turanci sai leɓen ƙasa ya taɓa haƙoran sama, yawancin Hausawa da leɓɓa biyu suke furta shi, saboda haka giɓi bai cika taɓa shi ba. Yawancin yara sukan saba su gyara furucinsu da kansu, musamman idan sun riga sun iya magana kafin haƙoran su fita. Wanda abin ya dame shi, ko tsokanar 'yan'uwa ta hana shi sakewa, ana iya yi masa haƙoran roba.

Kula da Na'urar

Sa mariƙin gurbi rabin aiki ne. Abin da ya fi faruwa shi ne mannin zoben ya saki, ko waya ta karye, ko ta nutse cikin dasashi. Zoben da ya saki yana tara abinci a ƙarƙashinsa, haƙorin ya ruɓe ba a sani ba, kuma sau da yawa wannan haƙori shi ne turmin shekara shida, wanda ba shi da magaji. Saboda haka tilas ne a kiyaye waɗannan abubuwa: a hana yaro cingam da alewa mai danƙo, a hana shi wasa da wayar da yatsa ko harshe, a wanke kewayen zoben safe da dare, a kuma kai shi a duba aƙalla kowane wata 6. Da zarar an ga na'urar tana motsi, a koma asibiti ba tare da jiran ranar da aka sa ba. Idan kan haƙorin girma ya leƙo, aikinta ya ƙare, sai likita ya cire ta.

Idan Gurbin Ya Riga Ya Toshe

Yaron da aka kawo bayan shekara ɗaya ko biyu da cire haƙori, mai yiwuwa ne babu sauran abin tsarewa. Idan abin da aka rasa bai wuce kamar milimita 3 ba, ana iya sa na'ura mai ɗan ƙarfe mai tsalle ko kusa mai juyawa, ta tura turmin baya a hankali cikin 'yan watanni, sa'an nan a sa mariƙin gurbi. Idan ya wuce haka, sai a jira haƙoran girma su fito a yi babban gyara da wayoyi, wanda yakan ɗauki kimanin shekara 2, wani lokaci har da cire lafiyayyun haƙora domin a samu fili. Kuɗinsa ya ninka na mariƙin gurbi sau da yawa, masu yin sa kuma ba su da yawa, galibi sai a manyan asibitocin koyarwa, ko asibitocin kuɗi na birane. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Haƙorin Kansa Ya Fi Kowace Na'ura

Likitocin haƙoran yara sun haɗu a kan cewa babu mariƙin gurbin da ya kai haƙorin nono kansa. Saboda haka cirewa ita ce matakin ƙarshe. Ƙaramin rami ana cike shi. Babba ana kifa masa hular ƙarfe. Ko da ruɓewar ta taɓa ɓargo, sau da yawa ana iya kwashe sashen da ya lalace a bar haƙorin ya ƙarasa wa'adinsa. Akwai kuma wani ruwan magani mai azurfa da fulorayid da ake shafawa ya tsayar da ruɓewa ba tare da huda ba, ko da yake yana baƙanta wurin. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi, tare da man goge baki mai fulorayid, cikin jerin muhimman magunguna. Amma idan haƙori ya yi ruwa ya kumbura har ba ya gyaruwa, barinsa a baki yana iya ɓata haƙorin girma da ke ƙasa, a nan cirewa ita ce daidai. Abin da ba a so shi ne a kai yaro wurin wanda zai tumɓuke haƙorin kawai, babu hoto, babu tunanin abin da zai biyo baya.

Gaba da duk wannan akwai rigakafi. A fara goge wa yaro baki tun daga haƙorin farko, sau biyu a rana, da man da ke da fulorayid. Wanda bai kai shekara 3 ba a ɗan shafa masa kamar ƙwayar shinkafa, daga 3 zuwa 6 kuma kamar ƙaramar ƙwayar wake, kuma babba ya tsaya a kansa har ya kai shekara 7 ko 8. Asuwaki yana da amfani wajen kankare dattin haƙori, ana iya haɗa shi da man. A taƙaita kayan zaƙi ga lokacin cin abinci, kada kuma a kwantar da jariri da abin sha mai sukari a baki.

Kammalawa

An ga cewa giɓi iri biyu ne a bakin yaro. Akwai na famfara, wanda magaji yana bakin ƙofa, ba ya bukatar komai. Akwai kuma wanda ruɓewa ko rauni ya haifar tun da sauran shekaru, wanda maƙwabta suke fara cinyewa tun watannin farko. Hanya mafi sauƙi ta rarrabe su ita ce a dubi wurin da shekarun: giɓin gaba a shekara 6 zuwa 8 abu ne da aka saba, amma giɓin turmi ko fiƙa kafin shekara 9 abin a kai wa likita ne.

Duk uban da aka ce za a cire wa ɗansa turmi, ya dace ya yi tambaya uku kafin ya bar asibiti: shin ba za a iya gyara haƙorin ba, shekara nawa ya rage wa magajinsa, kuma me za a yi wa gurbin kafin nan. Ɗaliban Hausa ma suna da rawar takawa, domin yawancin iyayen da wannan bayani ya shafa da Hausa za su ji shi, a rediyo ko a ɗakin shan magani. Samar da sunayen da kowa zai gane ga waɗannan haƙora da na'urori, da daidaita su, aiki ne da ke jiran masana harshe da likitoci su zauna tare su yi.